Tsohuwar Kwamfuta da Wasan Tseren Mota na Gaske: Wanne Za Ta Iya Ɗauka?

Duk wanda ya taso da Need for Speed ya saba da motar da za a shiga kwana da ita a guje, a daki bango, ta girgije ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Akwai wani jinsin wasan tsere da bai san wannan rangwamen ba. A cikinsa ana lissafa nauyin mota, da zafin taya, da yadda nauyi ke komawa gaba idan an taka birki. Ka danna totur kafin sitiyari ya miƙe, bayan motar ya zarce gabanta, ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito. Masu yinsa suna ce masa sim, wato wasan da ke kwaikwayon tuƙin gaske.

Sai dai in ka shiga YouTube neman shawara, abin da za ka gani kwamfutoci ne na miliyoyin naira da allo uku jere. Kai kuwa abin da ke gabanka laftof ce ta gwanjo, irin wadda ake saye a Farm Centre ko titin Beirut a Kano saboda karatu ko aikin ofis: Core i5 na ƙarni na uku ko na shida, RAM giga 4 ko 8, babu katin hoto na daban. Wannan ma tana tsere, muddin an zaɓa mata wasan da ya yi daidai da shekarunta. Guda huɗu ne zan auna a nan: Live for Speed, GTR 2, Richard Burns Rally da Assetto Corsa.

Ma'aunan da za mu yi awo da su

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne santsin hoto. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a sakan guda. Idan kwamfutarka tana zana hoto 60 a sakan, tsakanin hoto da hoto motar ba ta cika tafiyar mita ɗaya ba. Idan 20 take iya zanawa, kusan mita uku ke nan kake yi a makance kowane ƙiftawa. A wasan ƙwallo ana iya jure wannan. A nan kuwa wurin taka birki layi ne siriri, kuma hoton da ke cijewa yana sa ka wuce shi kafin ido ya kai wa ƙafa saƙo. Shi ya sa na fi daraja wasa mai tsohon zane da ke gudana sumul a kan mai ƙyalli da ke tafiya yana tuntuɓe.

Na biyu, ka san abin da ke cikin kwamfutarka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, za ta faɗa maka sunan furosesa, yawan RAM, da abin da ke sarrafa hoto. Intel HD 3000 na 2011 ya tsaya a DirectX 10.1 (DirectX shi ne tsarin Windows da wasanni ke zana hoto ta hanyarsa). HD 4000 na 2012 ya kai DirectX 11, amma ba ƙarfi. HD 520 da UHD 620 sun ɗan fi su jini a jika. Dukkansu ba su da rumbun ajiyar kansu, daga RAM ɗinka suke yanka.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin wasa da datar sauke shi, abin da za ka tuƙa da shi, ko wasan zai ɗore maka ba tare da intanet ba, sai haɗarin da ke tattare da samo shi.

Live for Speed

Mutum uku ne suka gina shi, Scawen Roberts da Eric Bailey da Victor van Vlaardingen, kuma tun 2002 suke kansa. Ba a Steam yake ba, wato kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, daga shafinsu ake saukewa kai tsaye. Wannan abin lura ne ga mai tsohuwar Windows, domin Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 tun 1 ga Janairun 2024.

Ta fuskar kuɗi babu mai kama ƙafarsa. Akwai sigar gwaji kyauta wadda ba ta da wa'adi: filin tsere ɗaya mai suna Blackwood da motoci uku, XF GTI mai jan gaba, XR GT mai turin baya, da ƙaramar motar tsere Formula BMW. Kada ƙarancin ya ruɗe ka. Akwai mutanen da suka shekara a Blackwood kaɗai suna neman rage rabin sakan. Sauran filaye da motoci ana buɗe su da lasisi mataki uku, S1 da S2 da S3, ana biya sau ɗaya da fam na Ingila, babu kuɗin wata. S3 ne ke ba da filin Rockingham da kuma motocin da 'yan wasa ke ƙerawa da kansu, tsarin da aka shigo da shi a ƙarshen 2021.

Abin da ya sa nake fara ambaton sa ga kowa shi ne tuƙi da linzamin kwamfuta. Kibod ba shi da tsaka-tsaki: ko ka danna sitiyari ya karkace, ko ka saki ya miƙe. Linzami kuwa yana ba ka juyi kaɗan-kaɗan, kamar yadda hannu ke yi a kan sitiyari. Ranar da na fara gwadawa da XR GT, sau shida ina juyawa a kwanar farko kafin hannuna ya daina rawa. A zagaye na goma sai na ji bayan motar ya fara zamewa, na mayar da linzamin baya da kamar faɗin yatsa, ta dawo layi. Tun daga ranar ban ƙara taɓa kibod don juya mota ba. Danna F9 kana tafe, ka ga zafin kowace taya da launi, ciki da tsakiya da waje. In ka danne birki har taya ta tsaya tana jan ƙasa, wurin zai cinye, kuma za ka ci gaba da jin motar tana karkarwa a kowane juyin tayar.

Rauninsa a fili yake. Yawancin motoci da filayen ƙirƙirarru ne, ba za ka ga Monza ko Ferrari ba. Motocin da kwamfuta ke tuƙawa ba su da armashin da zai riƙe ka wata da watanni. Daɗinsa na wajen tsere da mutane ta intanet, wanda ba ya cin data sosai amma yana son layi mai tsayuwa. A ɗakunan tseren intanet na kyauta kuma akwai 'yan ganganci da ke mayar da kwanar farko mahauta. Wani abu kuma: masu wasan sun daɗe suna aikin sabon injin hoto, don haka ka duba bukatun sigar da kake saukewa. Mai DirectX 9 ita ce abokiyar tsohuwar kwamfuta.

GTR 2

Wannan na 2006 ne, daga kamfanin SimBin na ƙasar Suwidin tare da Blimey! Games, kuma ya ƙunshi gasar FIA GT ta 2003 da 2004. RAM ɗin da aka nema a lokacin mega 512 ne, girmansa kusan giga 2. Laftof ɗin da kake rainawa ta ninka wannan sau takwas ko fiye.

Nan ne za ka samu abin da Live for Speed ya rasa: filayen gaske irin su Spa-Francorchamps na Beljiyam, Monza da Imola na Italiya, Donington na Ingila, da motocin gaske irin su Chrysler Viper GTS-R, Corvette C5-R, Saleen S7-R da Maserati MC12. Rana tana faɗuwa kana tsere, dare ya yi ka kunna fitila, hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, ka shiga canza taya. Akwai tseren awa 24 na Spa, kuma ana iya matse lokacin ya zama na awa ɗaya ko ƙasa. Akwai makarantar tuƙi da ke koya birki, layin kwana da wucewa, darasi bayan darasi. Duk wannan ba tare da ka ƙona ko mega ɗaya na data ba bayan saukewa.

Dalilin da ya sa za ka iya jera motoci ashirin a kan tsohuwar furosesa shi ne, motarka kaɗai ake yi wa cikakken lissafi, na kwamfuta kuwa sauƙaƙƙen lissafi ake musu. Wannan dabara ce ta injin gMotor2 na kamfanin ISI na Amurka, injin da rFactor na 2005 da Race 07 na 2007 ma suka hau. In GTR 2 ya zauna a kwamfutarka, su ma za su zauna. Race 07 na masu son ƙananan motocin gasar WTCC ne da matsattsun titunan Macau. Shi kuwa rFactor tamkar fili ne da aka ba ka ka gina da kanka, komai sai ka nemo, kuma ban cika tura sabon shiga can ba. Automobilista na kamfanin Reiza na Brazil, na 2016, shi ne ƙarshen abin da aka tatsa daga wannan injin, ya fi su daɗin tuƙi, ya kuma fi su nauyi.

Farashinsa a Steam bai kai dala 10 ba, kuma yana ƙara faɗuwa lokacin rangwamen ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba. Amma ka sani kafin ka biya: sigar Steam babu Ferrari da Porsche a cikinta saboda lasisinsu ya ƙare, alhali su ne kaso mai yawa na motocin gasar. Da kibod ana iya lallaɓawa idan an kunna taimakon birki da na totur, sai dai hannun gem mai sandar juyi ya fi dacewa. 'Yan wasansa ta intanet sun yi ƙaranci, don haka ka ɗauke shi a matsayin wasan kai da kwamfuta, ko kai da abokai idan kun haɗa kwamfutoci a ɗaki ɗaya.

Richard Burns Rally

Na 2004, daga Warthog Games. An sa masa sunan direban Ingila da ya lashe gasar rali ta duniya a 2001, wanda ya ci Safari Rally na Kenya sau biyu, ya kuma rasu a watan Nuwamban 2005. A rali mota ɗaya ce a kan hanya, kai da agogo da mai karanta maka kwanoni, shi ya sa ainihin wasan ba ya wahalar da kwamfuta.

Kai zai wahalar. Duk wanda ya taɓa tuƙi a kan burji bayan ruwan sama ya san yadda mota ke yin iyo a ƙarƙashinsa, to haka yake daga farko har ƙarshe, a hanya mai faɗin mota ɗaya da itatuwa hagu da dama. Karo ɗaya ya isa ya kashe injin. Da kibod azaba ce zalla.

Babbar matsalarsa samo shi. Ba a sayar da shi a kasuwannin intanet na hukuma, abin da ya raya shi masoya ne, musamman rukunin Rallysimfans na Hangari, waɗanda suka tattara masa sabon lissafin mota da ɗimbin hanyoyi wuri ɗaya. Waɗannan hanyoyin suna cin data mai yawa, kuma sababbin cikinsu sun fi ainihin wasan nauyi nesa ba kusa ba. In za ka shiga, ka zaɓi 'yan kaɗan, kada ka danna a sauke duka.

Assetto Corsa

Shi ne kowa ke so, kuma ina ganin dalili. Kamfanin Kunos Simulazioni na Italiya ya fitar da shi a ƙarshen 2014, yawancin filayensa an auna su da hasken leza har kowane tudu da gargada, motocin sun haɗa da Ferrari da BMW da Lotus, ga tarin ƙarin da masoya suka yi masa. Farashinsa kusan dala 20 ne, yakan faɗi warwas lokacin rangwame. Wurin ajiya mafi ƙaranci da aka rubuta giga 15, kafin a zo batun ƙarin motoci, don haka ka lissafa kuɗin data a cikin farashin.

Inda gizo ke saƙa shi ne furosesa. Wasan yana lissafa motsin mota sau 333 a sakan, kuma cikakken lissafi yake yi wa kowace mota a filin, har da na kwamfuta. Laftof mai ƙwaƙwalwa biyu za ta iya ɗaukar ka kai kaɗai kana zagaye, amma ka zuba motoci goma sha biyar sai gargaɗi ya fito a allo cewa furosesa ta cika maƙil, komai ya koma tafiyar hawainiya. A kan HD 520 ko UHD 620 ana iya samun abin da za a tuƙa idan an sauke allo zuwa 1280x720, an kashe inuwa, hayaƙi, ƙyallin jikin mota da madubi. A kan HD 4000 kana roƙon abin da ba ta da shi. Bidiyoyin ruwan sama da fitilun dare da kake gani kuwa aikin wani ƙari ne na masoya mai suna Custom Shaders Patch da makamantansa, kuma waɗannan na masu katin hoto ne.

Ƙanensa Assetto Corsa Competizione na 2019, da iRacing mai kuɗin wata da buƙatar intanet kullum, ba na wannan sahun ba ne.

| Wasa | Shekara | Kuɗi | Nauyi | Ba intanet | Abin tuƙi | Abin tsoro |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Live for Speed | 2002 | Gwaji kyauta, lasisi mataki uku | Mafi sauƙi | Matsakaici | Linzami ya isa | Biyan fam, 'yan ganganci |
| GTR 2 | 2006 | Ƙasa da dala 10 | Mai sauƙi | Mafi kyau | Hannun gem | Babu Ferrari da Porsche a Steam |
| Richard Burns Rally | 2004 | Ba a sayarwa a hukumance | Mai sauƙi, ƙarin na da nauyi | Mai kyau | Hannu ko sitiyari | Wahalar samu, cin data |
| Assetto Corsa | 2014 | Kusan dala 20 | Mai nauyi | Mai kyau | Sitiyari ya fi | Sarƙewa, girman saukewa |

Kafin ka ɗora wa wasan laifi

Akwai lokacin da tawa laftof take fara tsere lafiya lau, bayan minti goma sai hoto ya soma cijewa, gefen hagunta ya yi zafin da ba a ɗora hannu. Na sauke saituna har ƙasa, a banza. Da na kai wa mai gyara ya kwance bayanta, sai ya sa tsinke ya zaro wani dunƙulen ƙura daga bakin fanka, mai kauri kamar audugar katifa. Ya ɗaga ya nuna mini ya ce, "Yallaɓai, hunturu nawa ke nan ba a buɗe ta ba?" Ya goge tsohon man furosesa da ya bushe ya zama alli, ya shafa sabo. Furosesa tana rage wa kanta gudu idan ta yi zafi don kada ta ƙone, kuma a watan Afrilu na ƙasar Hausa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ta daɗewa kafin ta kai wannan iyaka. Ka ɗora ta a kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta iska ta shiga, kada ka ajiye ta a kan katifa ko darduma.

Na biyu, caji. Yawancin laftof suna rage ƙarfi da zarar an zare waya, don haka sakamakon da za ka gani a kan batiri ba shi ne iyakar ƙarfinta ba. Ka gwada da wuta, ka kuma sa tsarin wutar Windows a kan cikakken ƙarfi.

Na uku, girman allo. 1920x1080 ɗigo sama da miliyan biyu ne, 1280x720 kuwa 921,600, bai kai rabi ba. Babu saitin da ya kai wannan sauke wa kwamfuta kaya.

Idan za ka kashe kuɗi, fara da sandar RAM ta biyu daidai da ta farko. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu, kuma tun da katin Intel daga RAM yake ci, shi ne ke fara jin bambancin. SSD, wato faifan ajiya mai sauri, yana sa wasa ya buɗe da wuri, amma ba ya ƙara hoto ko ɗaya a sakan, duk abin da mai shago zai faɗa maka. Katin hoton laftof ba a canza shi. Mai kwamfutar tebur ta ofis kuwa yana da sa'a: GTX 750 Ti na 2014 ko GT 1030 galibi ba sa buƙatar ƙarin wayar wuta, kuma kowannensu zai ɗauki Assetto Corsa. Ka dai auna akwatin, domin sirara sai gajeren kati, kuma GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4. Na biyun ya fi rauni ƙwarai, araha ce da ba ta ado.

Sai batun fasassun wasanni da ake turawa a filashi ko a sauke daga shafukan da ba a san mai su ba. Nan ne ake kwaso cutar da ke satar kalmomin sirri ko ta mayar da furosesarka ma'aikaciyar haƙar kuɗin intanet ga wani. Haɗarin ya ƙaru tun da Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin waɗannan kwamfutocin ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. Idan a laftof ɗin nan kake shiga banki ko ajiye aikin makaranta, ka tsaya a kan hanyar hukuma, ko da katin nairarka zai ba ka wahala wajen biyan kuɗin waje.

Wa ya kamata ya ɗauki me

Mai HD 3000 ko HD 4000, RAM giga 4, ba hannun gem, ba kuɗin da zai fitar yanzu: Live for Speed na gwaji, da linzami. Ka yi wata guda a Blackwood kafin ka yi maganar lasisi. Haka ma wanda har yanzu yake kan Windows 7.

Wanda data ke masa tsada ko layin unguwarsu ba ya tsayuwa, yana kuma son gasa mai tsawo da motocin gaske, GTR 2 ne nasa, kuma in da za a ce in zaɓi ɗaya tak ga yawancin masu laftof ɗin gwanjo, shi zan miƙa. Ya haɗa da hannun gem na Xbox ko makamancinsa. In ya gaji da manyan motoci, Race 07 na jiran sa a kan injin guda.

Mai son tsere da mutane ba kwamfuta ba, ya koma Live for Speed, wannan karon da lasisi.

Richard Burns Rally na mai haƙuri ne wanda ya riga ya iya riƙe mota a ɗaya daga cikin biyun farko, yana da hannu ko sitiyari, kuma zaman girka abubuwa ba ya gundurar sa.

Assetto Corsa kuwa sai mai HD 520 zuwa sama da RAM giga 8 a sanda biyu, wanda ya yarda zai riƙa zagaye shi kaɗai ko da motoci huɗu zuwa biyar, ko mai kwamfutar tebur da zai iya sa mata kati. Idan kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne, kati ko sitiyari, kuma GTR 2 yana gudana sumul a wurinka, ka nemi Logitech Driving Force GT ko G27 na hannu. Dukansu suna juyawa digiri 900, suna kuma mayar maka da jijjigar hanya a tafin hannu. Ka sa mai sayarwa ya jona shi a gabanka, ka ga ya juya da kansa hagu da dama ya tsaya a tsakiya, ka taka kowace feda ka tabbatar tana amsawa, sannan ka ƙirga masa kuɗi.